Wace Mota Ce Za Ta Zama Tsohuwar Zuma?

A bayan garejin Kawuna da ke unguwar Sabo a Ibadan, can jikin katanga inda ake zubar da baƙin mai, akwai wata mota da muka taso muka tarar a ajiye. Ba ta da tayoyi, a kan bulo take zaune, an rufa mata wani tsohon tamfol wanda rana ta riga ta cinye rabinsa. Ƙofa biyu gare ta, kujera biyu, ga dogon hanci, sannan bayanta ya zubo ƙasa kamar an shafe shi da hannu. Mu yara ba mu san sunanta ba, motar Kawu kawai muke ce mata. Da an taso daga makarantar allo sai mu ruga mu cika ta, mu biyar ko shida a wurin da aka yi domin mutum biyu, kowa na kokawar ya riƙe sitiyari. Yayana, da yake shi ne babba, kullum shi ne direba, ni kuwa aikina yin ƙarar inji da baki.

Sai da na yi wayo na san cewa Datsun 240Z ce. Kamfanin Nissan na ƙasar Japan ya fito da ita a ƙarshen 1969, musamman domin kasuwar Amurka, inda aka fara sayar da ita a 1970 a kan dala 3,526. Injinta mai filogi shida ne a jere, lita 2.4, da kafireto biyu. Ba ƙaramar mota ba ce a tarihin tsere a nahiyar nan, domin ita ta lashe gasar Safari ta gabashin Afirka a 1971, ta sake lashewa a 1973. Ta Kawu kuwa, wani malamin jami'a ne ya dawo da ita daga Amurka bayan ya gama karatu. Ya hau ta shekaru, har lokacin da tattalin arziki ya ƙuntata a tsakiyar shekarun 1980, kayan gyara suka yi wuya. Ya kawo ta gareji, gyara ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, bashi ya taru, daga ƙarshe suka daidaita ya bar wa Kawu motar da takardunta. Kawu ya sauke injinta na asali ya ɗora mata na wata Nissan, ya ɗan more ta, sannan ita ma ta kwanta.

A 2012 mai filin da garejin yake ya ce zai gina shaguna a wannan ɓangaren, a kwashe duk abin da ke wurin kafin wata ya ƙare. Kawu ya yi cigiyar mai saye, bai samu ba. Wa zai sayi motar da ba ta ɗaukar fasinja, ba ta ɗaukar buhu, kuma ba a samun kayanta ko a kasuwar Agodi? Sai aka kira 'yan gwangwan. Ina tsaye suka zo da guduma da gatari, suka farfasa ta, suka auna a sikeli, suka biya da kilo. Da kuɗin aka sayi kwanon da aka rufe ɗakin Gwaggo, wanda ya shekara biyu yana yoyo. Ban ga kowa ya yi baƙin ciki ba a ranar, in ban da mu yara da aka raba mu da wurin wasa.

Shekara takwas bayan haka, lokacin zaman gida na annobar korona, Yaya ya shigo ɗaki da waya a hannu, fuskarsa kamar wanda aka aiko wa da saƙon mutuwa. Ya miƙo mini ya ce in karanta masa da kyau, ko shi ne bai fahimci Turancin ba. Labarin wata Datsun 240Z ce ƙirar 1971, koriya, wadda aka sayar a watan Janairun 2020 a wani dandalin gwanjo na intanet a Amurka mai suna Bring a Trailer, a kan dala 310,000. A canjin wancan lokaci kuɗin ya haura naira miliyan 100. Yaya ya zauna a bakin katifa ya ce, "Ka ga rashin sani ko? Kaza ta kwana a kan dami. Shekara nawa muna tsalle a kan dukiya?" Tun daga ranar abin ya tsaya masa a rai.

Yaya dillalin motoci ne, yana zirga-zirga tsakanin Ibadan da kasuwar Berger ta Legas. A bara ya kira ni ya ce ya ga wata Nissan 350Z ƙirar 2005 a hannun wani abokin sana'arsa, mai giyar hannu, ba a taɓa buɗe injinta ba. Wato dai jikar motar Kawu ce, gida ɗaya suka fito. Shawarar da ya yanke ita ce ya sayar da filinsa na gado da ke gida Arewa, ya sayi motar, ya rufa mata tamfol, ya jira shekara goma sha biyar. Matarsa ta ce ba da yawunta ba, har maganar ta kai gaban Gwaggo. Shi ne ya ce tunda ni ne ɗan jami'a, in je in bincika masa, in gaya masa gaskiya: wace mota ce za ta yi daraja nan gaba, kuma wannan tana ciki? Na ce masa ni harshe nake karanta, ba duba ba, gaibu kuwa sai Allah. Ya ce ai hasashe ba duba ba ne, manomi ma yana kallon hadari. Da haka na kwashe hutun zango guda ina bin sakamakon gwanjon motoci na ƙasashen waje, maimakon karatun da aka aiko ni yi.

Da yake 'yan uwana ɗaliban harshe ne za su karanta wannan, bari in ɗan ratse. Wahalar farko da na ci karo da ita ta kalma ce. Irin waɗannan motoci mukan ce musu motar tsere, alhali yawancinsu ba su taɓa shiga tsere ba, an dai ƙera su ne domin jin daɗin tuƙi da gudu, ba domin ɗaukar iyali ba. Kawu kan ce musu motar 'yan gayu, kuma ina ganin tasa ta fi kusa da gaskiya. Wahala ta biyu ita ce kalmar gwanjo. A wurinmu idan aka ce kaya na gwanjo ne, ana nufin wani ya sa ya gaji, an karya kuɗinsa. A can kuwa, a wurin gwanjo ake sayar da motocin da suka fi kowace mota tsada a duniya, attajirai na ɗaga hannu kowa na ƙara wa na ɗan uwansa. Haka nan muna da akwala da ƙwarababbiya domin motar da ta tsufa ta lalace, amma ban san wata kalma da muke da ita ba domin motar da tsufa ya ƙara mata kuɗi. Shi ya sa na ari tsohuwar zuma, wadda Hausawa suka ce da ita ake magani.

Abu na farko da kowa zai faɗa maka shi ne ƙaranci. Gaskiya ne. Ferrari 250 GTO guda 36 kacal aka ƙera tsakanin 1962 da 1964, kuma a 2018 an sayar da ɗaya a gwanjo a kan dala miliyan 48.4. Marsandi 300 SLR mai rufi, wadda ake kira da sunan injiniyan da ya ƙera ta, Uhlenhaut, guda biyu ce a duniya, an sayar da ɗaya a 2022 a kan yuro miliyan 135. McLaren F1, wadda kujerar direbanta ke tsakiya, guda 106 aka yi, a 2021 ɗaya ta haura dala miliyan 20. To amma waɗannan ba su amfane ni da komai ba, domin tun ranar da aka haife su ba na talaka ba ne. Faɗin cewa irinsu za su yi tsada kamar faɗin cewa ɗan sarki zai hau doki ne.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne motocin da suka yi kwantai suna sababbi. BMW 507 ta shekarun 1950 ta yi tsada har ta rasa masu saye, guda 252 aka yi aka tsaya, kuma asarar da ta jawo tana cikin abin da ya kusa durƙusar da kamfanin. A 2018 an sayar da wadda ɗan tseren nan John Surtees ya mallaka a kan fam miliyan 3.8. Haka Lexus LFA, wadda Toyota ta ƙera guda 500 daga 2010 zuwa 2012 a kan dala 375,000, wasu sun yi shekaru a shagunan dillalai ba a taya ba, daga baya kuɗinta ya ninka. Wato rashin kasuwar jiya shi ya haifar da ƙarancin yau. Sai dai a yi hattara, motoci nawa ne suka yi kwantai domin ba su da kyau, kuma har gobe ba mai neman su? Ƙaranci shi kaɗai ba ya sa kuɗi, sai an sami masu so sun fi kayan yawa.

Na kuma karanta labarin waɗanda suka yi irin lissafin Yaya suka sha ƙasa, kuma masu kuɗi ne da suka fi shi sanin kasuwa. Bayan rasuwar Enzo Ferrari a watan Agustan 1988, mutane suka yi ta rububin motocinsa da bashin banki, suna cewa daga yau ba za a ƙara irinsu ba. Farashi ya yi tashin gwauron zabo, sannan a farkon shekarun 1990 ya faɗo warwas, waɗanda suka saya a ƙarshe suka shekara goma ko fiye ba su ga uwar kuɗinsu ba. A wannan zazzaɓin ne kamfanin Jaguar na Ingila ya nuna XJ220 a 1988, mutane suka ba da kafin alƙalami na fam 50,000 kowannensu. Kafin motar ta fito a 1992 kasuwa ta mutu, farashinta ya kai fam 470,000, kuma injin mai filogi goma sha biyu da aka nuna ya koma mai shida. Masu saye suka nemi zamewa, har aka dangana da kotu. Ko a kwanan baya an maimaita. A 2016 Porsche ta fitar da 911 R guda 991 masu giyar hannu, 'yan kasuwa suka saye suna sayarwa ninki biyu ko uku. A 2017 kamfanin ya fito da wata mai kama da ita, GT3 Touring, ba tare da ƙayyade adadi ba, nan take farashin waccan ya sauko. Darasin da na ɗauka shi ne, motar da kowa ya san za ta yi tsada, kowa zai adana tasa, kuma an riga an saka wannan tsammanin a cikin kuɗin da za ka biya yau.

Inda na fi daɗewa shi ne kan motocin Japan na shekarun 1990, domin a nan na ga abin da nake ganin shi ne gaskiyar lamarin. Toyota Supra ta 1993 zuwa 2002 ba ta yi kasuwar kirki ba a Amurka, har aka daina kai ta can bayan 1998. A 2001 sai fim ɗin The Fast and the Furious ya fito, Paul Walker na tuƙa wata mai ruwan lemo. Yaran da suka kalli fim ɗin suna shekara goma sha biyar ba su da kuɗin ko taya ɗaya. Suka manna hotonta a bango, suka tuƙa ta a gem, suka haƙura. A tsakanin nan kuma motocin suka faɗa hannun samari na biyu da na uku, waɗanda suka yi ta ƙara wa injin ƙarfi, suna yanke salansa, suna kifar da su a kwana. Bayan shekara ashirin, yaron nan ya zama magidanci mai albashi ko mai kamfani, ya fito neman abin da ya so yana yaro, sai ya tarar masu lafiya ba su da yawa, kuma sa'o'insa dubbai suna nema tare da shi. A 2019 wata Supra ƙirar 1994 da ta yi tafiyar mil 7,000 kacal ta kai dala 121,000, a 2021 kuma aka sayar da wadda aka yi fim ɗin da ita a kan dala 550,000.

Har doka tana da hannu a ciki. A Amurka ba a yarda a shigo da motar da ba a ƙera ta bisa ƙa'idojin ƙasar ba sai ta cika shekara 25. Nissan Skyline GT-R ta 1999, wadda ake kira R34, ba a taɓa sayar da ita a can ba, sai dai a gan ta a fim da gem. Kowa ya san ƙofa za ta buɗe a 2024, saboda haka tun shekaru kafin nan 'yan kasuwa suka riƙa saye suna ajiyewa a Japan, farashi ya yi ta hawa.

Ashe kenan wanda ke son ya san motar da za ta yi daraja a 2045, ba ƙarfe zai duba ba, yaran yau zai duba, ya ga abin da suke kallo a waya suna haɗiyar yawu. Kuma abin yana da baya. Motocin da aka ƙera kafin yaƙin duniya na biyu, in ka cire 'yan ƙalilan na musamman, kasuwarsu ta yi sanyi, domin waɗanda suka so su suna yara sun tsufa ko sun rasu, jikokinsu kuwa ba su san yadda ake tayar da su ba. Zumar nan ma ashe tana da wa'adi.

Wani abin da ya kamata dillali irin Yaya ya lura da shi, suna ɗaya ba ya nufin daraja ɗaya. Marsandi 190 da muka saba gani tana jigila a hanyoyinmu, kusan miliyan biyu aka ƙera, amma a cikin danginta akwai wadda ake kira Evolution II ta 1990, guda 502, wadda aka yi domin a cika sharaɗin shiga tsere a Jamus, kuma ita dubban ɗaruruwan daloli ake sayenta. Fijo 504 da aka yi ta haɗawa a Kaduna tun tsakiyar shekarun 1970 tana da 'yar uwa mai ƙofa biyu, wadda kamfanin Pininfarina na Italiya ya zana mata jiki, kuma mai injin V6 ɗinta ta lashe gasar Safari a 1978. Ita masu tara motoci a Turai ke nema. Akwai kuma darajar da tarihi ke bayarwa, kamar baƙar Marsandin da aka harbe Janar Murtala Muhammed a cikinta ranar 13 ga Fabrairun 1976, wadda ke ajiye a gidan tarihi na Onikan a Legas. Wannan ba ta kasuwa ba ce, ba kuma abin da mutum zai yi hasashe ba ne.

Da na kai nan sai na koma na sake karanta labarin koriyar Datsun da ta hana Yaya barci. Tafiyar da ta yi a cikin shekara 49 ba ta wuce mil 21,000 da 'yan kai ba. Fentinta na kamfani ne, kujerunta na kamfani, injinta shi ne wanda aka haife ta da shi, lambarsa ta dace da takarda. Datsun 240Z fiye da 100,000 aka sayar a Amurka, kuma mafi yawan waɗanda suka rage ba sa kai ko kusa da wancan kuɗi. Ta Kawu kuwa injin aro ne a cikinta, tsatsa ta huda ƙasanta har muna leƙen ƙadangaru ta wurin, gilashin baya ya fashe tun kafin a haife ni, fenti kuma an yi mata sau uku. Na gaya wa Yaya cewa ba mu taɓa tsalle a kan miliyan 100 ba. Abin da aka biya a can ladan shekara 49 ne na ɗaki mai rufi da busasshiyar ƙasa da mutumin da ya iya haƙurin kallon mota bai hau ba.

Duk da haka ya ce in faɗi nawa hasashen, kada in fake da wa'azi. To ga shi, in na yi kuskure a yi mini dariya nan gaba. Duniya tana karkata ga motar lantarki da giyar otomatik. Tarayyar Turai ta zartar da doka a 2023 da ke nufin kawo ƙarshen sayar da sababbin motoci masu hayaƙi daga 2035, ko da yake ana ta ja-in-ja kan a sassauta ta. Saboda haka ina ganin na ƙarshe a kowane gida su za a nema, kamar yadda aka yi wa Porsche 911 mai injin da iska ke sanyayawa bayan an daina yin sa a 1998. Wadda na fi amincewa da ita ita ce Honda S2000, ta 1999 zuwa 2009, mai buɗaɗɗen sama, wadda injinta na farko ke juyawa har 9,000 a minti, kuma ba a taɓa yin ta da otomatik ba. Ta riga ta fara tashi, amma ban ga alamar za a sake irinta ba. Sai Audi R8 ta farko mai giyar hannu, tunda an rufe babin R8 gaba ɗaya a 2024, da Lotus Elise da aka daina a 2021, da Dodge Viper ta ƙarshe ta 2017. A cikin na yau kuwa, idona na kan Toyota GR Yaris ta 2020, 'yar ƙarama mai filogi uku da ke ja da ƙafa huɗu, wadda aka ƙera saboda tseren daji. Irin ta ce samari ke saye su wahalar, kuma irin ta ce yara ke tuƙawa a gem. Mazda MX-5 kuwa, duk da daɗin da masu ita ke yabo, ta haura miliyan ɗaya tun 2016, ban ga yadda gama-garinta za su yi tsada ba. Abin da ke sa ni shakka a duk wannan lissafi guda ne: idan yaran yau suka girma ba su iya taka kuloci ba, wa zai biya kuɗi domin giyar hannu?

Ita fa 350Z? Tana da rabin sharuɗɗan. Yara sun so ta, domin ita ce a bangon gem ɗin Need for Speed Underground 2 na 2004, ta kuma fito a fim ɗin Tokyo Drift na 2006. Samari sun lalata da yawa. Amma an ƙera ta da yawa ƙwarai, kuma wadda masu tarawa suka fi so ita ce ta 2007 da 2008 mai sabon inji, musamman samfurin Nismo. Ta 2005 mai lafiya za ta iya riƙe kuɗinta, ta ɗan ƙara, amma ban ga ta zama abin da za a sayar da fili dominsa ba.

Yaya ya kawo hujjar da ya fi ƙarfi da ita. Ya ce duk motar da ya sayar shekara biyar da suka wuce, yau kuɗinta ya ninka sau uku, to ina ga wannan? Na ce masa ba motar ce ta tashi ba, naira ce ta faɗi. A 2014 dala ɗaya ba ta kai naira 200 ba, a 2024 ta haura 1,500. Ko Corolla ka ajiye za ka ga wannan ribar ta bogi, filin nasa ma yana yin ta, kuma fili ba ya shan mai, ɓera ba ya cin wayarsa. Sannan wa zai saya? Masu biyan irin waɗancan kuɗi suna Amurka da Turai da Japan da ƙasashen Larabawa, kuma suna tambayar tarihin mota tun daga ranar da ta bar kamfani. Motocin da ke shigo mana kuwa da yawansu daga gwanjon kamfanonin inshora suke, waɗanda suka yi haɗari ko ambaliya ta shanye, lambar jikinsu na nan a kwamfuta duk wanda ya bincika zai gani. Yaya ya san wannan fiye da ni, sana'arsa ce, sai ya yi shiru.

Muka ɗunguma muka je wurin Kawu, wanda yanzu ƙafa ta hana shi shiga ƙarƙashin mota, sai dai ya zauna a benci yana ba yara umarni. Na zayyana masa duk abin da na karanta, har da su Ferrari. Ya saurara har na gama, sannan ya dubi Yaya ya ce, "Kai da ka girma a gareji, ka taɓa ganin motar da ta kwanta damina uku a garin nan ta tashi lafiya? Man da ke tanki zai ruɓe ya toshe komai. Robobi za su bushe su tsage. Birki zai kama. Raɓa za ta shiga ta ƙasa, tamfol ɗin da kake taƙama da shi shi zai riƙe mata danshi. In kana so ta rayu sai ka tayar da ita duk mako, ka zaga da ita, ka canza mata mai ko ba ta je ko'ina ba. Shekara goma sha biyar kana ciyar da ita ba ta kawo maka ko sisi. A gidan haya kake, ina za ka sa ta?"

Yaya ya ce, "Amma Kawu, da ka san abin da ake sayar da irin taka, da ka bari an farfasa ta?"

Kawu ya ce, "Da na sani ma sai na sayar. Ɗakin Gwaggonku na yoyo."

Yaya bai ce ya fasa ba, bai kuma ce zai saya ba, ya dai ce a ba shi mako biyu. Kafin mako biyun su cika abokin nasa ya sayar wa wani saurayi. Bayan wata guda Yaya ya gan ta a Mokola, an yi mata fenti ruwan ganye mai ƙyalli, an yanke salansa, an dasa mata wani ƙaton fiffike a baya. Ya kira ni a waya, muryarsa ba daɗi, ya ce, "Ƙane, bisa lissafinka, an rage guda ɗaya kenan, saura sun ƙara kuɗi." Filin yana nan, matarsa ta sa an kewaye shi da bulo. Har yanzu in ya je Berger yakan turo mini hoton duk wata mai ƙofa biyu da ya gani, ya tambaye ni ko tana cikin jerin.

Jerin kuwa na rubuta shi a takarda, na sa kwanan wata, na kai wa Kawu ya ajiye, da sharaɗin duk wanda ke raye a cikinmu a 2040 ya buɗe ya gani. Ya aiki yaro ya ɗauko masa wani tsohon gwangwanin madara da yake zuba ƙananan notuna a ciki. Da ya zazzage shi a kan benci sai ga wani ɗan tambarin ƙarfe mai harafin Z, wanda ya ce ya ɓamɓare daga jikin motar da safen ranar da 'yan gwangwan za su zo. Ya goge shi da gefen rigarsa, ya naɗe shi a cikin takardata, ya mayar cikin gwangwanin, ya ce wa yaron ya kai inda ya ɗauko.